Kwalbar da Na Kai wa Surukina

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Zamfara, Gusau.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin firamare ne a Tsafe. Na ɓoye sunana don sutura ga dattijon da abin ya shafa, surukina, mazaunin Bungudu.

Ya daɗe yana fama da ciwon gwiwa. Ni na hana shi sayen maganin masu talla a mota, na ce na kemis ya fi aminci. Bayan Sallar Layya ta bana na shiga wani kemis a Gusau, na sayo masa maganin gargajiya na kwalba, na kai masa da hannuna.

Na farko, ranka ya daɗe, takardar jikin kwalbar hoton ganye ce kawai da jerin cututtuka. Ba sunan wanda ya haɗa shi, ba abin da ke ciki, ba ranar lalacewa, ba yawan da za a sha. Da baki mai kemis ya ce rabin kofi, safe da yamma.

Na biyu, ya sha ranar Juma'a. Yana sahun farko zawo ya ɓarke masa. Da babbar rigar wani aka rufe shi aka fitar. Ya kwana a asibiti ana ƙara masa ruwa. Likita ya tambaye ni abin da ke cikin maganin, na tsaya riƙe da kwalba gaban surukaina, ina jujjuya ta.

Na uku, da na koma kemis ɗin, kwalaben na nan a jere. Mai shi ya ce wani ne ke kawo masa a kan babur, bai san garinsu ba.

Dattijon ya warke. Bai taɓa faɗa mini magana mai zafi ba, har cewa ya yi alheri na nufa, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Amma tun ranar, a sahun ƙarshe yake salla, kusa da ƙofa. Ni kuwa in na kai matata gida, a zaure nake tsayawa.

Ba na raina maganin gargajiya, da shi aka rene mu. Roƙona shi ne kada kwalba ta hau kantar kemis sai an gwada ta, an rubuta bayanan da na lissafa a sama da Hausa, boko da ajami. A kuma tura masu duba shaguna har Tsafe da Bungudu.

Allah Ya yi maka jagora, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.

Wassalam.

Wani malami, Tsafe.