Akwati Shida a Gonar Malam Ishiyaku

Durba, Kibiya
3 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Zulaiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da yara da Abbansu. Ya aikin jami'a? Maigidana Saminu yana gaishe ki.

Jiya ina tsugune a gona ina ƙirga, sai na tuna ranar da kika fara zuwa garin nan, shekara uku ke nan. Ina amarya ta wata huɗu, ina kwance da littafi a fuska, aka ce ga yayarki daga Kano. Na ɗauka turare kika kawo mini. Sai ga ki da fartanya da takalmin roba. Kika ja ni gonar surukina, Baba Malam Ishiyaku, kika tono wata dawa da ta tsumbure, kika wanke saiwar da ruwan buta, kika ɗora mini madubin nan mai ƙara girma a ido. Na ga wani farin tsiro ya cusa baki cikin saiwar. Kika ce wuta-wuta ke nan, makonni take yi a ƙarƙashin ƙasa tana shan dawa, kafin manomi ya ga furenta ta gama ɓarna. A littattafan da nake karantawa, ranar da rayuwar yarinya za ta canja, mota ce take tsayawa a ƙofar gida. Ni tawa saiwar dawa ce da laka.

Ga takardar ƙirgar wannan makon. Igiyoyin akwati shidan nan da muka kewaye a gona don ƙirga wuta-wuta suna nan, ba wanda ya taɓa turakun. Ukun da ke ɓangaren dawa zalla: 41, 12, 52. Na biyun har yanzu shi ne ƙarami, na gindin gawo. Ukun ɓangaren da muke juyawa da waken suya: 9, 4, 11.

Abu ɗaya ne. Shekaru biyun baya da wuta-wutar ta yi fure muke tumɓuke ta. Bana kin ce a bar ta sai ta yi iri. To ta yi fure, kuma gonar a bakin hanya take. Masu babur suna rage gudu suna cewa Malam Ishiyaku ya koma noman fulawa. Malam Dalhatu, wanda gonarsa ke gangarenmu, ya zo wurin Baba sau biyu. Ban ji me suka ce ba. Ni dai furen yana ba ni sha'awa, da yamma gonar kamar an shanya atamfa.

Zan ba Lukman direba ambulan gobe. Ki aiko mini da littattafan da kika ce, na gama na wajena har sau biyu.

Ƙanwarki,
Mufida

*

Kano
6 ga Satumba

Mufida,

Wa alaikumus salam. Takarda ta iso, na gode. Ki gaida Saminu da Baba da Inna.

Atamfar da kike yabo ita ke hana mutanenku cika rumbu, ki rage waƙe ta. Ki saurare ni da kyau. Gonaki biyar na fara da su. Ta Yalwa an sayar an yi gini. Ta Rurum shanu sun shiga bara. Biyun Rano ba su da mai ƙirga mai hankali, lambobinsu ba sa shiga kai. Taku kaɗai ce take da shekara uku cif. Abin da ya rage in sani shi ne yawan irin da take zubarwa a kowane ɓangare, domin shi ne zai nuna ko waken suya yana rage ta a cikin ƙasa ko kuwa jinkirta ta kawai yake yi. Ba zan san wannan ba sai ƙwansonta ya nuna. Mako biyar nake roƙo. Ki faɗa wa Baba zan zo da kaina mu kwashe ta kafin ƙwanso ya fashe. Da na zo yanzu na yi masa bayani, amma muna jarrabawa.

Wani labarin kuma. Sashenmu zai ɗauki masu aikin gona biyu na dindindin a yankin Rano da Kibiya, da horo na wata uku a nan. Na ba da sunanki. Na gaya wa Farfesa, shugaban sashen, a shekara uku ban taɓa kama ki da lamba ɗaya ta ƙarya ba.

Ga littattafai huɗu. Ba a gona za ki karanta su ba.

Yayarki,
Zulaiha

*

Durba
24 ga Satumba

Yaya Zulaiha,

Assalamu alaikum. Da fatan an gama jarrabawa lafiya. Ki yi haƙuri na haɗa miki takardun mako biyu, wancan makon ban samu Lukman ba.

Ranar Alhamis sha biyu ga wata mun je suna Rurum, ni da Inna, gidan ƙanwar Saminu. An samu mace, Mu'minat. Mun fita da sassafe, sai bayan la'asar muka dawo. An yi ruwa a hanya.

Na gode da maganar aikin. Na faɗa wa Saminu, ya ce wata uku ba shekara ba ce, zai iya da tuwon Inna. Tun ranar nake ganin kaina a Kano da farar riga, ina shiga ɗakin nan naku mai sanyi da kika taɓa kai ni. Har sunan da za a rubuta a ƙirjin rigar na zaɓa.

Littattafan na karanta uku. Na ukun bai yi mini daɗi ba. Tun shafi na ashirin na san yarinyar ƙarya take yi, marubuciyar kuma ta ja abin har shafi ɗari biyu.

Lambobin suna cikin takarda, ba sai na maimaita ba.

Ina da tambaya, don sani kawai. Idan a ce wani abu ya sami gona irin wannan kafin ƙwanso ya nuna, me ake yi? Ana iya kimantawa daga na bara?

Ki gaida yara.

Mufida

*

Kano
27 ga Satumba

Mufida,

Sallama da gaisuwa. Allah Ya raya Mu'minat.

Amsar tambayarki: ba a kimantawa. Idan aka taɓa gonar, shekarar ta tafi. Sai in koma gaban Farfesa in roƙi ƙarin damina ɗaya, shi kuma a watan Maris zai yi ritaya, wanda zai gaje shi ba ruwansa da wuta-wuta. Kada ki sa mini faɗuwar gaba da irin wannan tambayar.

Lambobin sun faranta mini rai. Suna hawa daidai yadda na yi fata, har na zana su na nuna wa abokan aiki. Ranar takwas ga Oktoba zan gabatar da su gaban sashe, ranar kuma za a tsayar da sunayen masu aikin gona.

Abu ɗaya ya ba ni mamaki. Akwati na biyu, na gindin gawo, shekara uku bai taɓa wuce sha biyar ba, domin ƙasar gindin gawo tana da ƙarfi. Yanzu kin rubuta 33, sannan 40. Ko turken ya gusa ne? Ki duba. In kuwa gaskiya ne, to wani sabon abu ne da zan so in bi diddiginsa. Ki tsinko mini reshe biyu masu ƙwanso daga wurin, ki matse su a cikin ɗaya daga littattafan nan naki, su ma su yi amfani.

Yayarki,
Zulaiha

*

Durba
1 ga Oktoba

Daga Malam Ishiyaku na Durba, zuwa ga 'yata Malama Zulaiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki da ta maigidanki da 'ya'yanki. Allah Ya ƙara ilimi mai amfani. Ni ajami na iya, boko bai zauna mini ba, don haka 'yar nan Mufida ce take rubutawa, ni ina faɗa. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta yi masa ado.

Na ga shiru daga wajenki tun abin da ya faru, shi ya sa na ce ko fushi kika yi. Na ce wa 'yar nan ta sanar da ke, ta ce to. Amma magana irin wannan gara ta fito daga bakin wanda ya aikata.

Dalhatu maƙwabcina ne a gona shekara talatin da ɗaya. Ya kai ni gaban mai unguwa. Ya ce, "Ishiyaku, kai da jami'a kuka yi yarjejeniya, gonata ba ta sa hannu ba. Ruwan da ya sauka a taka, a tawa yake kwana. Irin abin nan ya fi ƙasa laushi, in ya shiga, jikokina ne za su yi ta fama da shi." Na ce masa ai malamar ta ce za ta zo kafin ya fashe. Ya ce, "Ƙwanson zai jira ta gama jarrabawa? Ka aika masa takarda?" Mutane suka yi dariya. Mai unguwa bai yi ba. Ya ce mini, "Malam, kai ka sani."

Na kuwa sani, domin ke da bakinki kika gaya mini irin yana shekara goma sha a ƙasa bai mutu ba. Maganarki ce ta kayar da ni a gaban Dalhatu.

Ranar Alhamis ɗin da mata suka tafi suna Rurum, na kira mutum shida, har da shi Dalhatun. Muka tumɓuke ta kaf, ciki da wajen igiya, muka tara a kan dutse muka ƙone. Turakunki da igiyoyinki ban bari an taɓa ba. Na zaɓi ranar ne don kada 'yar nan ta tsaya a gabana, in rasa yadda zan yi da ita. Ba ta da laifi ko kaɗan. Da ta dawo ta gani, ta durƙusa ta gaishe ni ta shige ɗaki.

Na karya miki alkawari, ina neman afuwa. Idan kina son wata daminar, ina da gona a bayan dutse wadda ba ta gangara kan kowa. Na ba ki ita, ki bar abin ya yi irin da ya ga dama. Waken suyan kuwa na ga amfaninsa da idona, Dalhatu ma ya ce in tambaye ki iri.

Allah Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Malam Ishiyaku

*

Durba
1 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Na sa wasiƙar Baba a sama don ki fara karanta ta. Yana faɗa ina rubutawa, ya ce in karanta masa, na karanta. Ba zai taɓa sanin abin da na sa a takardar ba, ko na saka ta a ambulan ko ban saka ba. Na daɗe zaune da ita a cinya.

Turken bai gusa ba. Lambobin ranakun sha shida da ashirin da uku ga wata daga kaina suka fito, a kan gado, da takardun bara a gabana. Na manta da gawon. Na wannan makon ma na riga na cika, har na gyara na biyun ya koma sha huɗu, kuma a gefen hanya akwai reshen da zan iya tsinko miki. Da kin karɓa. Na yaga takardar ƙirgar.

Jiya na je na ƙirga. Sababbi sun leƙo: 3, 0, 5, sai 1, 0, 0. Babu fure, babu ƙwanso.

Kada ki gabatar da komai ranar takwas. Ki cire sunana, ki gaya wa Farfesa dalili. Ga littattafanki huɗu na haɗo.

Ranar Litinin zan koma gona in ƙirga.

Ƙanwarki,
Mufida