Jikarka Ta Kifar da Jirgi

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙarfin jiki, yaya Inna da mutanen Yawuri? Muna lafiya.

An damƙa mini makarantar tuƙin jiragen ruwa masu tafiya da iska, a tafkin arewacin Greensboro. Darasinmu na farko, ɗalibi ya kifar da jirgi da gangan, ya tayar da abinsa. Kai da kwalekwalenka bai taɓa kifewa ba, na san za ka ce hauka ne.

Ranar Asabar jikarka Hadiza ta yi nata, uwarta ta rufe ido. Yarinyar da kullum da Turanci take amsa mana, tana hayewa jirgin ta ƙwala ihu da Hausa: "A gaya wa Kaka!"

To, na gaya maka. A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ɗanka,
Sani