Littattafaina a Murhun Gayya

Yaya Bilki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Ya maigidanki, ya su Ummi da makaranta, ya zaman Fatakwal? Mu nan Tsiga sai godiyar Allah, masara ta yi kyau bana.

Yaya, littattafan soyayyar nan da kika bar mini babu su. Ranar gayyar girbin masara ruwa ya jiƙa itace, ga mutane a gona suna jiran tuwo. Inna, uwar maigidana, ta shiga ɗakina ta kinkimo kwalin, ta riƙa yagar su tana hura wuta a gaban matan unguwa.

Na ce, "Inna, su ke ɗebe mini kewa tun da na yi ɓari."

Ta ce, "Jin daɗin mace uku ne, lafiya da cikakken rumbu da goyo. Biyu kin same su a gidan nan. Na ukun kuwa takarda ba ta haihuwa, gara ta dafa tuwo." Matan suka kwashe da dariya.

Na yini ina jiran maigida, don a littattafan a irin wannan wurin ne miji yake share wa matarsa hawaye. Na gaya masa yana cikin cin tuwon. Ya suɗe hannu ya ce, "Ashe shi ya sa ya yi daɗi."

Ki sa ni a addu'a, Allah ya ba ni na ukun nan. Ki gaida maigidanki da yara. Kada ki aiko mini da wasu littattafan, har yanzu itacen bai bushe ba.

Ƙanwarki,
Rabi