Notin Tayar Baya Da Shirun Malam Ɗanjuma

Zuwa ga Babban Injiniya mai kula da garejin motocin ma'aikatarmu, Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ina neman izinin yin godiya a bainar jama'a, sannan in rataya mata ƙaramin kuka. Ni ne jami'in da ke raba littattafai ga makarantun ƙauye, mai gilashin nan da ke zama a gaban a-kori-kura mai lamba huɗu yana karatu alhali mota na tsalle.

Na farko, godiya. Tun bayan ƙaramar sallah ka sa aka kwance tayoyin baya na duk manyan motocinmu a-kori-kura, aka sauya notin da ke riƙe su. Domin masu karatun da ba su taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, bari in yi bayani. Abin da ke riƙe tayar baya a jikin mota noti biyu ne manya, da wata washa mai kunnuwa a tsakaninsu. Ana lanƙwasa kunnen a kan noti don kada ya warware. Yadda na ga ana ɗaure su a da, cizal ake sawa da guduma, a yi ta duka har sai bakanike ya ji zuciyarsa ta kwanta. Sabon notin da ka kawo yana da haƙoran da ke kulle kansa, kuma ka haɗo shi da sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya isa. Da farko bakanikai sun raina ta, suna cewa yaushe ƙarfe zai koya wa ƙato ƙarfi. Yanzu a akwati suke ajiye ta, sun shimfiɗa mata tsumma. Ni kuwa tun daga lokacin nake iya karanta shafi guda cur ba tare da na waiwaya na ƙirga tayoyi ba. Matata ma ta rage tsawon addu'ar da take raka ni da ita har zaure. Allah ya saka maka da alheri.

Na biyu, dalilin da ya sa godiyata ta fi ta kowa. A daminar bara muka tashi da hantsi da kaya shaƙe, Malam Ɗanjuma na tuƙi. Mun wuce Mando kaɗan, a kan wata gangara, sai na ga taya ta zo ta gefena ta wuce mu, tana jan dogon ƙarfe kamar jela. Har na fara tausaya wa mai ita kafin bayan motarmu ya durƙusa. Birki ya tafi tare da tayar. A gabanmu akwai mata masu tallan nono a bakin hanya, a hagu babbar mota na hawowa. Ɗanjuma bai yi ihu ba, bai fizgi sitiyari ba. Salati yake yi a hankali, yana lallaba motar kamar mai jan tsohuwa, har ya kwantar da ita a cikin kunyoyin wata gonar dawa. Ko ƙwarya ɗaya ba ta fashe ba. Asararmu duka gilashina ne da littattafan lissafi da suka sha laka, waɗanda ban ji wani ɗalibi ya yi makokinsu ba.

Na uku, kukan. An kafa kwamiti, kamar yadda aka saba. Mutum uku ne, kuma a iya sanina babu wanda ya taɓa riƙe sifana a cikinsu. Suka tambayi Ɗanjuma abin da ya cire tayar, ya ce ƙaddara ce. Suka tambaye shi wanda ya ɗaure ta, ya sunkuyar da kai. Sau uku ana tambaya, sau uku yana kallon takalminsa. Sai suka rubuta cewa gudu ne da sakaci, da rashin sabo da tuƙin hannun dama, ga mutumin da ya kai mu ƙauyuka lafiya tun ranar da gwamnati ta mayar da tuƙi daga hagu zuwa dama. Aka karɓe makulli daga hannunsa. Yau shekara guda ke nan yana wanke motocin da wasu ke tuƙawa, kuma an rubuta masa cewa a ƙarshen watan nan za a sallame shi.

Ni ba a kira ni ba. Na aika takarda, aka ce mini fasinja ba shi cikin sharuɗɗan bincike.

Na huɗu, abin da kwamiti bai tambaya ba. Wanda ya ɗaure tayar nan Baba Tanimu ne, tsohon shugaban bakanikai, kuma 'yarsa Ɗanjuma ke aure. A gidansa na Unguwar Shanu aka ɗaura auren. Ranka ya daɗe, kai ma ɗan ƙasa ne, ka san mutumin da ba ya iya ambaton sunan surukinsa a hira ba zai ambace shi a gaban kwamiti ba. Da membobin sun sayi goro a bakin gareji sau ɗaya, da mai goron ya gaya musu wannan kyauta.

Ba kuma ina miƙa maka Baba Tanimu ba ne don a yanka. Na je gidansa makon jiya, shi ya ba ni izinin rubuta wannan, har ya ce in sa sunansa da manyan baƙaƙe, domin ya yi ritaya amma barci bai dawo masa ba. Kunnuwan washar nan ba sa jure lanƙwasa fiye da sau biyu ko uku, karyewa suke yi. Ya nemi sababbi daga sito har ya gaji, kullum amsar ita ce suna kan hanya. Mota kuwa dole ta fita, don makarantu na jira. Sai ya yanko washa daga garwar kananzir. Ta riƙe wata da watanni, ranar nan ta gaji.

Na biyar, nawa laifin. Da na bi sawun tayar cikin dawa, na ɗaga ƙarfen da ta fito da shi, sai noti ya sulalo ya faɗi a ƙafata, da guntun garwa manne da shi cikin giris. Na sa a aljihu don tunawa da ranar da Allah ya ƙara mini kwana. Shekara guda yana kan teburina yana danne takardu kada fanka ta kwashe su. Na karanta tarihin daulolin da suka rushe saboda ƙananan abubuwa, amma ban iya karanta abin da ke gabana ba, sai da na tsaya ina kallon mutanenka suna sa sabon noti, ɗayansu ya yi mini bayanin aikin washa. Karatu ke nan.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A janye takardar sallamar Ɗanjuma kafin ƙarshen wata, a goge kalmar sakaci daga fayil ɗinsa, a mayar masa da makullinsa. A bar Baba Tanimu ya ci fanshonsa cikin mutunci. Sannan a tabbata akwai sabon notin a sito kafin a buƙace shi, domin garwar kananzir ba ta ƙare a garin nan ba. Ranar da ka ba da umarnin sauya notin nan a kowace mota, ranar ka wanke Ɗanjuma da hannunka, saura kawai a rubuta.

Na ba masinjan ofishinmu tsohon notin a cikin ambulan ya kawo maka. Ban wanke shi ba. In ka goge giris ɗin da yatsa, za ka ga fentin garwar bai gama fita ba.

Allah ya ƙara maka basira da lafiya, ya kare iyalinka a kan kowace hanya, ya haɗa ka da direba irin wanda ya tuƙa ni ranar nan. Akwai tafiya a gabana farkon watan gobe, kuma shi nake fatan in tarar a kujerar mota mai lamba huɗu.

Wassalam.

Naka mai godiya,
Haruna Sambo, Unguwar Dosa, Kaduna.