Ga Mama, a Kan Ramin da Ya Iso Bayan Tsohon Gida

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kina hutawa lafiya. Ni ne Bulus, autanki. Yanzu na girme ki nesa ba kusa ba, hannuna yana rawa, sai ki yi haƙuri da rubutun. Duk 'ya'yanki sun bi ki, saura ni kaɗai, don haka a kaina wannan labari ya faɗa. Maganar kabarinki ce.

Kin san inda muka kwantar da ke, a gindin tudu bayan tsohon gida, wurin da kika zaɓa da bakinki. To, wani ramin zaizayar ƙasa ya taso daga rafi yana hawowa, kowace damina sai ya ƙara matsowa. Ya ci hanyar da kuke bi zuwa ɗiban ruwa, ya ci mangwaron makaranta har saiwa. Bara ya tsaya dab da ke. Ba ya hayaniya. Da rana tsaka ana zaune sai a ji tim, kamar an sauke buhu daga mota. Kaji su yi tsit. Kowa ya san ramin ya ƙara ci.

Samari suna cewa canjin yanayi ne, haka suke ji a rediyo. Ba na musu da su. Amma ramin nan ya girmi rediyonsu.

Kin tuna yadda tudun yake, hawa-hawa, kowane hawa da katangar duwatsun da kakanni suka jera ba laka ba siminti. Acca a sama, dauro a tsakiya, gwaza a ƙasa. Bayan ruwan farko sai ku mata ku sauka da kwanduna, ku kwashe ƙasar da ruwa ya gangaro da ita, ku mayar da ita sama a ka. Maza su mayar da duk dutsen da ya zame. Ba a shuka sai an gama wannan. In na yi kukan wuyana sai ki ce, "Ɗauka, ranka ya daɗe. Ƙasar nan ta iya sauka, ba ta iya hawa ba."

Ke kika ba ni labarin yadda Bature ya sa aka sauko daga tudu, a zauna kusa da hanya inda mai karɓar haraji ba zai sha wahala ba. Haraji kuwa ba a biyansa da acca. Sai citta ta shigo, don ita jirgin ƙasa yake ɗauka a tashar Kafanchan. Citta ba ta son rana a kanta, in an shuka sai an rufe kunyoyin gona da ɗanyen ganye. Aka yi ta saran rassa har jeji ya ƙare. Sai aka shiga kurmin kan rafi, wanda a dā ko itacen girki ba a tsinta a ciki.

Duwatsun kuwa, da idonki kika ga tafiyarsu. Da za a gina majami'a aka ce ga su can a jere a tudu, kuma ai a gindinsu tsofaffi suke zuba wa kakanni giya, gara a kwaso su a yi wa Allah aiki da su. Da waƙa aka kwaso su, Mama, ana tafi. Mutanen kirki ne, babu mai mugun nufi a ciki. Kin dafa wa masu aiki abinci tare da zumuntar mata, amma ba ki ɗauki dutse ko ɗaya ba. Na ji kina ce wa matar mai bishara, "Ƙawata, giyar ce ta kakanni. Dutsen an sa shi ne don ruwa." Ta yi dariya ta ce har yanzu da sauran tsohuwar hanya a jikinki.

Abin da ya rage na duwatsun, tifa ta kwashe bayan rasuwarki, ta bi hanyar Kagarko da shi. Sai takin zamani, sai maganin feshi, gona ta daina hutu. Kwanan baya citta ta ruɓe a cikin ƙasa, ƙauye ya yi ta wari kamar wani abu ya mutu a ƙarƙashin kowane gida. Yanzu ko an yi ruwa, kwaɗi ba sa kuka a rafi.

Jikanki Istifanus, ɗan marigayiya Rahila, ya zo daga Kaduna ya leƙa ramin. Ya ce, "Kawu, wannan ba maganar addu'a kaɗai ba ce fa. A ɗauke Kaka a kai ta maƙabartar majami'a kafin ruwa ya sauka." Na daɗe ina ƙi, don ke kika zaɓi wurin. Daga baya na yarda. Wani kafinta ya yi mana ƙaramin akwati.

Ranar Asabar da safe muka taru. Fasto ya yi addu'a, mata suka ɗauki waƙa, masu haƙa suka fara. An ba ni kujera a gefe. Da suka kai kan itatuwan da aka rufe ki da su, sai digar ɗayansu ta zurma ta ɓace. Wata iska mai sanyi ta taso daga ciki, da ƙamshin rafi, alhali rani ne. Mai digar ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Baba, babu kowa a nan."

Aka riƙe ni na leƙa. Ƙarƙashinki kogo ne, sumul kamar an share, ya miƙe zuwa wajen ramin, har ana hango ɗan haske a can ƙarshensa. Muna ta tsaron bakin rami daga sama, ashe ruwa ya daɗe da bi ta ƙasa. Waƙar ta mutu a bakin mata, ɗaya bayan ɗaya.

Mama, kowace Lahadi bayan sujada nakan zo in cire ciyawa, in zauna in ba ki labarin gari. Ban san tun wace damina nake magana ni kaɗai ba.

Fasto ya ce a zuba ƙasar wurin a akwati a binne, a sa sunanki. Na gode masa, na ce a'a. Ba zan sa sunanki a inda ba kya nan ba. Akwatin yana ɗakina, kusa da gado.

Ubangiji wanda ya san kowane ƙashi da inda ya kwanta, ko a yashi ko a gonar baƙo, shi ya tattara ki a ranar tashi, kada ko ɗan yatsa ya ɓace. Ya jiƙan ƙasar nan da waɗanda za su ci daga cikinta bayanmu. Ni kuma ya ba ni ikon gane ki idan na iso. Amin.

Naki har kullum,
Bulus