Koren Keke a Hawan Patios

Lahadi, 3 ga Maris

Likita ya ce sukarina ya hau, ko motsa jiki ko allura. Na sayi keke na hannu wurin Don Eliécer mai gyara. Na ƙarfe ne, kore, ya girmi 'yata Yulieth. Yau na gwada hawan dutsen Patios da ke bayan gari. Sau biyar ina sauka ina turawa.

Talata, 5 ga Maris

Cinyoyina. Ko keken ɗinki na kasa takawa.

Lahadi, 17 ga Maris

A saman dutsen, wurin mai ruwan rake da cuku, na tarar da 'yan wata ƙungiyar masu keke, masu shuɗiyar riga. Kekunansu da yatsa ɗaya ake ɗagawa. Wani da suke kira Fabián ya jinjina nawa, ya kira ni Doña, wato uwargida, ya ce, "Wannan ai ƙofar gareji aka sa wa taya." Suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. A hanyar dawowa amsoshi suka yi ta zuwa mini.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Ban je ba. Na ce wa Yulieth gwiwa ce. Ta san ƙarya nake.

Laraba, 10 ga Afrilu

Na kai keken wurin Don Eliécer da niyyar mayarwa. Bai ko ɗago kai ba, ya ce tun yana saurayi irin wannan suke hawa har garin Tunja mai nisa. Ya ɗaga mini sirdi, ya sa wa sarƙa mai. "Maƙwabciya, sirdin ne ya yi ƙasa. Ki koma." Na ƙudura sai na hau ba sauka a gaban Fabián, ko da zan suma.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Sau biyu na sauka. Su Fabián sun wuce ni, ko gaisuwa.

Alhamis, 16 ga Mayu

Babu ɗinki da safe, sai na fita. Yayyafi, hanya ba kowa. A kwanar da nake sauka kullum sai ƙafa ta ci gaba da kanta. Na kai sama ban taka ƙasa ba. Mai ruwan rake kaɗai ce a wurin, ita ma tana wanke kofuna, ba ta gani ba.

Na zaci zan ji takaici tunda Fabián ba ya nan. Na tsaya na saurari zuciyata, babu shi. Daga nan na gangara ɗaya ɓangaren har garin La Calera, ba don komai ba. Sai da wani mai babur ya waiwayo na gane waƙa nake yi.