Liyarin Kakata Ya Ƙi Fitowa A Hoto

Anti Jannatu, don girman Allah ki taimake ni, kuma kada ki yi dariya idan kin ji abin da ya hana ni sukuni. Na san wasiƙun aure da rikicin gida kika saba gani. Tawa ta hoton tsohon kuɗi ce, amma wallahi ta fi ƙarfina.

Ni mai ɗaukar hoto ce a Gumel. Biki, suna, walimar sauka, duk inda maza ba sa shiga ni ake kira, har Ɗanzomo da Gagarawa nakan je. Amarya ko ta wuni tana kuka na san yadda zan fito da ita fes. Ga shi yau abin da bai cika tafin hannu ba ya gagare ni.

Kakata ta wajen uwa, Iya Laure, ta rasu bayan ƙaramar salla. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko katin zaɓe ta ƙi yi saboda haka. Ni kaina da na ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Abin da ya rage mana nata shi ne liyari, tsohon kuɗin azurfan nan mai kan wata mata a gefe ɗaya da tsuntsu a ɗaya gefen, wanda tsofaffi ke ratayawa a wuya. Duk haihuwar da ta yi, kakana yakan kai wa maƙeri ya yi 'yar tsaga a bakinsa, ta gefen matar. Tsaga tara ce. Biyu ne suka rayu, Ummata da ƙanwarta Inna Murja. Sauran tun suna goye suka koma, ba wanda ya san kabarinsu yanzu. Umma ce kaɗai ta riƙe sunan kowace tsaga, takan bi su da farce tana kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Da aka raba gado, liyarin ya faɗa rabon Inna Murja, wadda take aure a Damagaram. Ta riga ta ce maƙerin fari za ta ba ya narka, ya yi wa 'yarta zobe da 'yan kunne na aure. Ranar Alhamis za ta biyo 'yan kasuwar Maigatari ta zo ta karɓa. Umma ba mai jayayya ba ce, amma tun ranar ba ta cin abincin kirki. Ni da bakina na ce ta kwantar da hankalinta, zan ɗauke shi a wanke mata babba, yadda ko da raunin idonta za ta ga tsagogin. Ta yi murna har ta sa mini albarka. Kullum sai ta tambaye ni ko ya fito, ni kuma in ce saura kaɗan.

Anti, bai fito ba. Na kunna wutar kyamara, ya fito fari fat kamar murfin gwangwani. Na fita da shi tsakar gida cikin rana, ƙyalli ya cinye komai. In na matso kusa sai ya yi dishi-dishi, in na ja baya ya koma ɗigo. A cikin ɗaki kuma haske ya yi kaɗan, sai hoton ya fito a gauraye. Na gwada da waya, duk ɗaya. Maƙwabciyarmu ta ce dauɗa ce ta hana, in goge shi da toka da lemun tsami yadda ake yi wa zobe. Na goge gefen tsuntsun, ya yi haske gwanin kyau a ido, amma a hoto sai ya fi da lalacewa. Yanzu ban sani ba, in ƙarasa goge gefen tsagogin ne ko in bari?

Abin da ya fi tsorata ni, zuciyata ta fara raya mini in ɓoye shi in ce ya ɓace. Na san ba kyau, amma in aka narka shi ba hoto, 'yan'uwan Umma bakwai sun tafi ke nan ba ko alama. Ina kallonta tana ramewa, na rasa yadda zan yi.

'Yar Umma, daga Gumel

*

'Yata, Allah ya jiƙan Iya Laure, ya ba ku haƙuri. Ban yi dariya ba. Sai dai da yake ban san komai a kyamara ba, na kai wasiƙarki wurin Malam Cindo, tsohon mai ɗaukar hoton jaridarmu, kuma abu na farko da ya ce in gaya miki shi ne ki ajiye tokar nan. Baƙin da ya kwanta cikin tsagogin shi ne yake nuna su. In kika goge, kin share abin da kike nema da hannunki.

Ya ce matsalarki sabo ne. Kin saba da fuskar mutum, wadda take son haske ta gaba, azurfa kuwa mayar da haske take yi kamar madubi. Don haka ki kashe wutar kyamara, ki kuma rabu da tsakar rana. Da hantsi ki shimfiɗa baƙin ƙyalle marar sheƙi a kan 'yar kujera, daga cikin ƙofar ɗaki inda akwai haske amma rana ba ta dukan wurin. In tana shigowa, ki rataya farin mayafi a ƙofar ya tausasa ta. Hasken ya zo wa liyarin ta gefe, ƙasa-ƙasa, sannan ki riƙa juya shi a hankali har ki ga kowace tsaga ta yi 'yar inuwa. Idan ɗaya ɓangaren ya yi duhu, ki jingina farar takarda a can ta mayar masa da haske. Ke ma ki sa baƙin kaya, don gefen da kika goge zai iya ɗauko kalar atamfarki.

Kada ki riƙe kyamarar a hannu. Ki ɗora ta a kan abin kafa ta mai ƙafa uku tana kallon ƙasa sak, ki sa ta jinkirta ɗauka bayan kin danna, don kada ta motsa. ISO, wato ma'aunin saurin kama haskenta, ki bar shi a ɗari, buɗin idon kyamarar ki sa shi a lambar f/8, in ta daɗe kafin ta rufe ba laifi tunda a kafe take. Dishi-dishin nan kuwa, kowace kyamara tana da iyakar kusancin da take gani. Ki ja baya har ya fito tar, ki saita ganin da hannu a kan tsagogin, daga baya ki yanke gefen hoton. Baƙin ƙyalle yakan ruɗe ta ta ƙara haske, sai ki rage mata kaɗan. Ki ɗauka da yawa, gaba da baya, ki duba a babban allon kwamfuta tun kafin Alhamis.

Maganar ɓoyewa kuma, ki fitar da ita daga ranki. Liyarin nan halak ɗin Inna Murja ne. In kika yi ƙarya aka gano, kuma za a gano, kin raba mutum biyun da suka rage cikin tara. Ita ma fa uwa ta rasa, kuma son ganin azurfar mahaifiyarta a hannun 'yarta ba rashin tausayi ba ne. Ita ce ƙarama, mai yiwuwa ba ta ma san sunayen nan ba, tunda Umma ba mai magana ba ce. Ki gaya mata cikin ladabi halin da yayarta take ciki, ki tambaya ko za ta karɓi wata azurfar a madadi. In ta yarda, alhamdulillahi. In ta ƙi, haƙƙinta ne, ku miƙa mata da fara'a.

Amma kafin a miƙa, ki zaunar da su biyun a bakin ƙofar nan, ki sa liyarin a tafin Umma, ta bi tsagogin tana kiran sunaye, ƙanwarta tana ji, ke kina ɗauka har da murya. Maƙeri zai iya narka azurfa, amma daga ranar ku uku ne kuka san sunayen yaran nan.

Allah ya ba Umma lafiya, ya sa hoton ya fito yadda kike so, ya kuma sanya alheri a auren ƙanwarki, 'yar Inna Murja.

Anti Jannatu